Da gaske ne ana juya kuromosom ɗin kifin sitajin har 'ya'yansa su fito duk mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ƙyanƙyasar tarwaɗa ne, na ga wani bidiyo ana cewa Turawa suna wasa da kuromosom ɗin kifin sitajin, wannan da ake cire ƙwai mai tsada daga cikinsa, har 'ya'yan su fito duk mata. Gaskiya ne? Ta yaya ake yi, kuma mu za mu iya a nan?

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuma mai bidiyon ya yi gaggawa. Ana wasa da kuromosom ɗin sitajin ƙwarai, wato zaren da ke ɗauke da kayan gado a cikin ƙwayoyin jiki, har ma ya fi yawancin kifaye jure wannan wasan, amma maganar a zuba ƙwai a ce duka za su fito mata a sayar wa manoma, wannan har yau bai zama kayan kasuwa ba, kuma dalilin yana cikin halittar kifin kanta. Tunda kai ɗan sana'a ne bari mu bi ta hanyar da ka saba, daga allura zuwa ƙyanƙyasa, sannan mu shiga kuromosom ɗin.

Da farko me ya sa ake son mata? Saboda kaviya, wato ƙwan da ake sa wa gishiri a sayar da giram giram. Namiji nama kawai zai ba ka. To matsalar ita ce kifin nan ba ya sauri, macen beluga, wani babban nau'in sitajin, a teku tana kai shekara 16 zuwa 20 da wani abu kafin ta fara ƙwai, macen sitajin na Saiberiya a gona shekara 7 zuwa 8, sitalet wanda shi ne ƙaramin cikinsu shekara 4 zuwa 5. Kuma a waje ba ka gane namiji da mace, sai sun kai shekara 2 ko 3 ko fiye a sa musu na'urar sikanin irin ta asibiti a leƙa ciki. Ka lissafa abincin da rabin kifinka ya ci a waɗannan shekarun kafin ka san maza ne. Wannan asarar ita ce ta tura mutane neman dabarar kuromosom.

Ɗaya dalilin kuma kifin yana ƙarewa a ruwa. Asalin gidansa koguna da tekunan arewacin duniya ne, Tekun Kaspiyan da Rasha, Iran, Kazakistan, Azarbaijan da Turkumenistan suka kewaye, kogin Bolga, kogin Danub, kogin Amur, Yangtze na Sin, da kogunan Amurka ta arewa. Da aka datse Bolga a Bolgogarad a ƙarshen shekarun 1950 an rufe wa beluga kusan duk wuraren da take hawa ta zuba ƙwai, sai kamun sata ya zo ya ƙarasa bayan rushewar Tarayyar Sobiyet. Tun 1998 duk nau'ukan sitajin suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin halittun da ke cikin haɗari, kuma a 2022 hukumar IUCN mai kula da kare halittu ta ce duk nau'uka 26 da suka rage suna cikin haɗari, ta kuma bayyana cewa ɗan'uwansu mai dogon baki na ƙasar Sin ya ƙare kwata kwata. Wallahi abin takaici ne, kifin da zuriyarsa ta rayu tare da dainaso ta wuce su, mu muka zo muka kusa gamawa da shi cikin shekara ɗari.

Ƙyanƙyasa da hannu ba sabon abu ba ne a wurinsu. A 1869 wani masanin Rasha, Filip Ovsyannikov, ya haɗa ƙwai da maniyyin sitalet da hannu a bakin Bolga suka ƙyanƙyashe. Allurar fitutari kuma, wato ruwan wani ɗan ƙullutu na ƙasan ƙwaƙwalwar kifi da ke sa uwa ta saki ƙwai, a shekarun 1930 ta fito, Rodolpho von Ihering a Barazil a kan kifayensu, Nikolai Gerbilsky a Sobiyet a kan sitajin. Ovaprim ɗin da kake tsira wa tarwaɗarka rabin mililita a kowane kilo jikan wannan aikin ne.

Amma ga inda aikinsu ya bambanta da naka. Kai za ka taɓa cikin tarwaɗa ka ji ya yi laushi, ka ga ƙwai ya fito iri ɗaya, ka yi allura da dare da safe ka matse. Macen sitajin sai an fara sa ta a ruwan sanyi, kamar digiri 4 zuwa 6, wata biyu ko fiye ba abinci, don jikinta ya ji an yi hunturu, in ba haka ba ƙwan zai tsaya ko ya narke a ciki. Sannan a ɗaga zafin a hankali zuwa wajen digiri 13 zuwa 16. Kafin allura sai a huda gefen ciki da wani ƙaramin bututun ƙarfe a zaro ƙwai kamar ashirin ko talatin, a dafa su minti kaɗan su yi tauri, a sanyaya, a sa reza a raba kowane ɗaya gida biyu daga sama zuwa ƙasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Za ka ga wani farin ɗigo a ciki, shi ne cibiyar ƙwan, abin da ake aunawa shi ne yadda ya matso kusa da saman ƙwai. In tazarar ta gaza kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙwan to macen ta nuna, in ya yi nisa a mayar da ita ruwa, in kuma ya manne da ɓawo sosai ta wuce lokaci. Mutum zai zauna da reza da ƙwai mai faɗin milimita 3 yana yanke hukunci a kan kifin da aka ciyar shekara takwas.

Allurar sau biyu ake yi, kashi 10 cikin 100 da farko, sauran 90 bayan awa 12, ko da fitutarin kifin kaf ko da homon ɗin roba na GnRH wanda 'yan Rasha ke sayarwa da sunan Surfagon, 'yan Hangari kuma suna da Ovopel. Cire ƙwan ma wani aiki ne, don bututun ƙwan sitajin yana buɗewa ne can tsakiyar ciki, matsa kawai ba ta fitar da shi duka. Da can kashe macen ake yi. Daga baya aka koma tiyata a ɗinke, sai a shekarun 1980 Sergei Podushka ya kawo dabarar sa ƙaramar wuƙa ta mafitar ƙwai a ɗan tsaga bututun, ƙwan ya kwararo, macen ta rayu ta sake yi bayan shekara ɗaya zuwa uku. Namiji kuma ba a kashe shi kamar yadda muke yanka namijin tarwaɗa mu cire maraina, da sirinji da ɗan tiyo ake zuƙo maniyyin.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe a nan don zai dawo. Ƙwan tarwaɗa ƙofa ɗaya gare shi da maniyyi ke shiga, shi kuwa na sitajin ƙofofi da yawa ne, wani nau'in 'yan kaɗan, wani har gomomi. In ka zuba maniyyi mai kauri sai biyu ko uku su shiga lokaci ɗaya ƙwan ya lalace, shi ya sa ake tsinka shi da ruwa kamar kashi 1 cikin 200 kafin a zuba. Bayan minti biyu ko uku ƙwan zai fara yauƙi yana mannewa, sai a zuba ruwan laka mai laushi ko hodar talk ko tanin ana juyawa da hannu ko gashin tsuntsu kusan awa guda har yauƙin ya mutu, sannan a kai kwalaben ƙyanƙyasa. A digiri 15 kusan mako guda yake ɗauka, ba kwana ɗaya irin na tarwaɗa ba.

To yanzu kuromosom. Tarwaɗarka tana da 56, hetero, ɗaya nau'in tarwaɗar, 52, ɗansu heteroklariyas 54, mu mutane 46. Sitajin kuwa rukuni uku ne: masu kusan 120 irin su sitalet, beluga da sebruga, masu kusan 240 zuwa 270 irin su na Saiberiya, na Rasha da farin sitajin na Amurka, sai guda ɗaya mai gajeren hanci na gabashin Amurka da ke da kusan 370. Ana cewa "kusan" ne saboda rabinsu ƙanana ne ƙwarai kamar ɗigo, ƙirga su aiki ne. Abin da ya faru shi ne a tarihinsu duk kayan gadon ya ninka kansa, a wasu ya sake ninkawa, jikinsu ya saba ɗaukar ƙari. A Bodniyani ta ƙasar Cek, a cibiyar binciken kifi ta Jami'ar Kudancin Bohemiya, an samu sitajin na Saiberiya mai kuromosom 437, daga baya a 2020 suka ninka da gangan suka samu masu sama da 500, ba a taɓa ƙirga irin wannan a wata dabba mai ƙashin baya ba.

Duk dabarun suna rataye ne a kan abu ɗaya. Ƙwan kifi lokacin da ya fito bai gama rabon kuromosom ɗinsa ba, yana riƙe da saiti biyu na uwa. Sai maniyyi ya shiga sannan bayan 'yan mintuna ya tofar da saiti ɗaya waje a cikin wani ɗan ƙunshi, ya rage ɗaya na uwa ɗaya na uba. In ka girgiza ƙwan daidai wannan lokacin, da zafi ko sanyi ko matsin ruwa mai ƙarfi, zaren da ke jan kuromosom ɗin zai tsinke ƙunshin ya kasa fita. A sitajin zafi aka fi amfani da shi tunda kifin sanyi ne, a tsoma ƙwan a ruwa mai digiri 34 zuwa 37 na minti 2 zuwa 5, kamar minti 15 zuwa 20 bayan haɗawa, gwargwadon nau'i da zafin ruwan da ake aiki da shi. Sakamakon kifi mai saiti uku, biyu na uwa ɗaya na uba.

Mai saiti uku a yawancin kifaye bakarare ne, don uku ba ta rabuwa biyu daidai lokacin yin ƙwai ko maniyyi. Ga mai noman nama wannan alheri ne, amma ga mai neman kaviya ka ga ai asara ce tsagwaronta, macen da ba ta ƙwai me za ka yi da ita. Shi ya sa amfaninsa a sitajin ya fi karkata ga nama, da hana kifin gona haihuwa in ya tsere, da kuma wani aikin da ake yi a Bodniyani na dasa ƙwayoyin haihuwar nau'in da ke ƙarewa a jikin sitalet da aka mayar bakarare, don ƙaramin kifi mai saurin balaga ya haifi 'ya'yan babba mai jinkiri.

Dabarar da mai bidiyonka yake nufi ita ce jainojenesis, ɗa mai gadon uwa zalla. Za a ɗauki maniyyi a tsinka, a shimfiɗa shi siriri a faranti a haska masa fitilar UV har kayan gadon cikinsa ya mutu amma wutsiyarsa tana motsi. Ya shiga ƙwan ya tayar da shi amma bai kawo komai ba. Sai a yi wancan girgizar zafin a hana ƙunshin fita, ƙwan ya zauna da saiti biyu duka na uwa. Yawanci ana amfani da maniyyin wani nau'in daban ko a zaɓi uwa zabiya da uba baƙi, don in hasken bai kashe wani maniyyin ba a gane ɗan da ido.

A kifin da kuromosom ɗin jinsi na mace yake XX, na namiji XY, kamar karfasar Nilu, wannan dabarar tana ba ka mata zalla, tunda uwa ba ta da Y da za ta bayar. To sitajin akasin haka ne, irin tsarin kaji gare shi, namiji ZZ mace ZW. A Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, Alison Van Eenennaam da abokan aikinta sun yi wannan gwajin a kan farin sitajin a shekarun 1990, sai ga maza sun fito cikin 'ya'yan da ba su da uba, kusan kashi 18 cikin 100, mata 82. Lissafin ya zauna daidai: uwa ZW in ta riƙe saitinta biyu wasu 'ya'yan za su zama ZZ wato maza, mafi yawa ZW mata, wasu kuma WW. A Japan ma an gwada da besta, wato haɗin beluga da sitalet, mata suka fito kashi 70 zuwa 80. To ka ga an ƙara yawan mata amma ba duka ba, kuma 'ya'yan jainojenesis da yawa suna mutuwa tun suna ƙanana, waɗanda suka rayu ma raunana ne saboda gadon ya zama na gida ɗaya, babu manomin da zai gina gona a kansu kai tsaye.

Abin da ake farauta a gaskiya ita ce WW ɗin nan. In ka samu mace WW ta girma ta balaga, ka haɗa ta da kowane namiji ZZ, duk 'ya'yan ZW ne, mata zalla, ba homon ba komai. A takarda abin ya yi kyau. A ruwa kuwa sai ka raini raunanan kifaye shekara 5 zuwa 10, ka gano wacece WW cikinsu, ka haɗa ta, ka sake jiran 'ya'yanta su kai a duba jinsinsu. Gwaji ɗaya zai iya cinye rabin rayuwar aikin mai bincike. Sauƙin da aka samu ya zo ne a 2021, lokacin da Heiner Kuhl da abokansa a cibiyar Leibniz ta Balin suka gano wani gutsuren DNA da mata kaɗai ke da shi, suka sa masa suna AllWSex2, kuma yana aiki a nau'uka da dama. A ganina wannan ya fi duk girgizar ƙwai amfani ga manomi a yau, don da ɗan yankin fiffike ko shafar fata za a yi gwajin PCR, wato gwajin neman wannan gutsuren DNA, a ware mata tun kifin yana 'yan watanni, mazan a tura su layin nama.

Akwai kuma kishiyarta, androjenesis, a kashe gadon ƙwai a bar na uba. Masanan Rasha irin su Anna Grunina sun yi amfani da waɗancan ƙofofi masu yawa, suka bar maniyyi biyu suka shiga da gangan, suka haɗe su da zafi ɗan ya samu saiti biyu duka daga maza. Manufar ita ce in nau'i ya ƙare saura daskararren maniyyinsa a ajiya, a iya dawo da shi ta ƙwan wani nau'in na kusa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma bidiyo ba ya faɗa. Wannan juriyar da ta sa sitajin yake da daɗin gwaji ita ce haɗarinsa. Ka san alfadari, jaki kuromosom 62 doki 64 shi 63, ba ya haihuwa, maganar ta mutu a kansa. A sitajin ba haka take mutuwa ba. In nau'uka biyu rukuninsu ɗaya ne ɗan yana haihuwa lafiya lau, misali besta, ɗan macen beluga da namijin sitalet da Nikolyukin ya fara haɗawa a 1952, ko haɗin kaluga, wani babban nau'in, da sitajin na Amur da gonakin Sin ke cire kaviya daga gare shi. In rukunin ya bambanta, 120 da 240, ɗan mai 180 yawanci bakarare ne, amma ko a nan ana samun mazan da ke ba da maniyyi mai ɗan aiki. Kuma mai saiti uku na rukunin 240, wato mai kusan 360, yana iya haihuwa. An riga an samu 'ya'yan haɗin sitajin na Saiberiya da sitalet a kogin Danub, inda na Saiberiya ba ɗan gida ba ne, daga gonaki ya fita. A Faransa ma guguwar Disamban 1999 ta saki na Saiberiya da yawa cikin ruwan Jirond, wurin da ragowar sitajin na Turai na ƙarshe suke zaune.

Labarin Hangari na 2019 ya nuna iyakar abin. A cibiyar binciken kifi ta Sarbash, Jenő Káldy da Attila Mozsár da abokansu suna son yin jainojenesis ne a ƙwan sitajin na Rasha, suka ɗauko maniyyin kifi mai baki kamar filafili na kogin Misisifi, don iyalan biyu sun rabu kusan shekara miliyan 184, kowa ya ɗauka ba zai yiwu su haɗu ba. A rukunin gwaji na kwatance suka zuba maniyyin ba tare da haske ba, sai ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗaruruwan 'ya'ya suka rayu, wasu da kuromosom wajen 180, wasu sama da 300 saboda uwar ta riƙe ƙunshinta da kanta. Sun buga sakamakon a 2020 suka kuma ce ba su da niyyar ƙara yin wasu.

Wannan "ta riƙe da kanta" shi ne abin da ya kamata kowane mai hacari, wato gidan ƙyanƙyasar kifi, ya ji. A gonakin farin sitajin na Kalifoniya da kuma hacarin ƙabilar Kutenai a jihar Aidaho, wanda aka kafa don ceton kifin koginsu, an gano kifaye masu ƙarin saiti da babu wanda ya yi niyyar yin su. Andrea Schreier da abokanta a Debis suka bi diddigi, abubuwa biyu suka fito: ƙwan da ya daɗe a cikin uwa ko a kwano bayan ya nuna, da juya ƙwai da ƙarfi lokacin cire yauƙi. Wato hannun ma'aikaci kaɗai ya isa ya yi abin da ake yi da ruwan zafi. Irin wannan kifin yana girma yana haihuwa, in ya haɗu da na asali 'ya'yansu su fito da adadi na tsakiya, matansu da yawa ba sa ƙwai yadda ya kamata. Ka yi tunanin an saki dubbai a kogi da sunan ceto. Shi ya sa yanzu suke ɗiban ɗigon jini su auna girman cibiyar jajayen ƙwayoyin jini da na'ura kafin a saki kifi, mai ƙarin saiti tasa ta fi girma.

Maganar ko za mu iya a nan, gaskiya ba zan ba ka shawarar sa kuɗinka ba. Na Saiberiya, wanda ya fi haƙuri cikinsu, ya fi jin daɗi a digiri 17 zuwa 22, in ruwa ya haura 26 ya fara wahala, kuma ka san ruwan tankinka a watan Afrilu. A Afirka wurin da ya yi nasara shi ne Madagaska, gonar Rova Caviar a tafkin Mantasowa mai tsayin kusan mita 1,400, suka shigo da ƙwai daga Faransa suka fitar da kaviyar farko a 2017. A wajenmu Jos ko tsaunin Mambila ne kaɗai za a ma fara tunani, kuma ko can sai da injin sanyaya ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa na tsawon shekaru, ga takardun CITES, ga kasuwar da Sin ta riga ta cika da kaya mai rahusa.

Amma ilimin kansa yana aiki a kan tarwaɗarka. Tun shekarun 1980 masu bincike a Wageningen ta Holan suka samar da tarwaɗa mai saiti uku da sanyi maimakon zafi, ruwa mai digiri 5, a tsoma ƙwan minti 3 bayan haɗawa a bar shi minti 40. Ƙanƙara, ma'aunin zafi mai kyau da agogo sun isa. Sai dai ka sani ƙyanƙyasar za ta ragu, kuma a gwaje-gwajensu bai fi na asali saurin girma ba, ribarsa ita ce macen ba ta cika ciki da ƙwai don haka naman da ke saura bayan an fiɗe ya fi yawa. In za ka gwada ka raba ƙwan uwa ɗaya gida biyu, rabi a tsoma rabi a bari, ka raine su a tanki daban da abinci iri ɗaya, in sun kai girman yatsa ka kai 'yan kaɗan sashen kiwon kifi na jami'ar da ke kusa da kai ko cibiyar binciken kifi ta New Bussa a shafa jininsu a gilashi a auna ƙwayoyin, don da ido ba za ka taɓa gane wanda dabarar ta kama ba.